Lauje, Dokin Tanimu Mai Fenti

Duk wanda ya taɓa bin bayan babbar mota daga Funtuwa zuwa Zariya, ya sha hayaƙi ya gode Allah, da wuya bai ga aikin Tanimu ba. Baƙin doki ne a jikin ƙyauren baya, ya ɗaga ƙafa ɗaya, da wani fari a goshi wanda ya sauko ya lanƙwashe har ya taɓo idon hagu. Ni na ƙera yawancin ƙyamaren nan, don ni kafintan bodin mota ne, amma ba a taɓa tsayar da direba an tambaye shi wa ya buga ƙusa ba. Kullum tambayar ita ce wa ya yi zanen.

Tanimu taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka ina da izinin in faɗi abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. An haife shi a wani ƙauyenmu tsakanin Malumfashi da Ƙafur, a irin gidan nan da rabi ke tafiya coci, rabi masallaci, tsofaffi kuma suna can gindin tsamiya da jan zakaransu. Uwata ta bi miji ta musulunta, ubansa ya bi 'yan mishan, ranar biki kuwa tukunya ɗaya muke ci. Kawu manomi ne na ji da gani, mai shanun huɗa, amma ya haifi ɗan da fartanya ke yi wa nauyi. Tun ranar da wani mai sayen auduga ya zo ƙauyen a kan doki, Tanimu yana ƙaramin yaro, ba rumbun da ya sake zama da farin jiki. Ko'ina ka duba doki ne da gawayi. Kawu ya yi duka har hannunsa ya gaji, daga baya ya ɗora shi a mota ya kai shi Funtuwa wurin wani mai rubuta allunan shaguna, ya ce a yi yadda aka ga dama da shi.

A nan garejin manyan motoci na same shi lokacin da ni ma na shigo gari. Rubutu ya iya, furanni ya iya, zaki ma ba laifi tunda ba wanda ya taɓa ganin zaki balle ya kushe. Dokin ne dai ya ƙi. Wata rana ya gama wani, ya ja baya yana murmushi, sai direban motar ya zagayo ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce, "Malam Tanimu, wannan doki ne ko kare ne ya sha burkutu?" Garejin ya ɗauki dariya har da masu sayar da rake. Tanimu ya ɗauki tsumma. Ya goge aikin tas, ya rantse ba zai sake zana dokin da ba ya tsaye a gabansa ba.

Da kawu ya rasu aka raba gona, nasa rabon ya faɗo a fadama, ƙasar da ko ka yi tuntuɓe ka zubar da masara sai ta tsiro. Bai bari ta ga damina ɗaya a hannunsa ba. Ya sayar, ya nufi wata kasuwar ƙauye, ya dawo a ƙasa yana jan wani abu da igiya. Ƙashi da fata ne, kaska ta cika kunnuwa, wuya duk gyambon igiya. Na tambaye shi wa ya sayar masa, ya ce wani mutum. Daga ina mutumin? Bai tambaya ba. A shekarun nan da ɓarayin daji suka addabi ƙauyukan yamma, yaro ma ya san dabbar da ta yi araha da yawa tana da labari. Na ce masa araha ba ta ado. Ya ce in je in ji da ƙusoshina.

Gaskiya ɗaya ce, in ana maganar jinyar doki, ban ga na biyun Tanimu ba. Da yatsunsa ya cire kaskar nan ɗaya bayan ɗaya. Ya bi gyambon da man shanu, ya jiƙa kanwa, ya jiƙa dawa, ya nemo harawar wake wadda ba a yi wa feshi ba, don sai ya shinshina dami kafin ya saya. Da yamma ya tura hayaƙin busasshen kashin shanu saboda ƙuda. Kafin kaka ta zagayo, abin nan da ya jawo da igiya ya zama akawal, baƙi wuluk yana ƙyalli, sai farin goshin nan mai lanƙwasa da farar ƙafar baya guda. Saboda farin goshin ya sa masa suna Lauje.

Wanda ya biya wannan ƙyallin kuwa ba Tanimu ba ne, matarsa ce Mairamu da 'yarsu Murna. In aka auno dawa, sai an cire ta Lauje kafin a kai niƙa. Rumfar doki aka yi wa sabon kwano, ɗakinsu kuwa in ana ruwa sai an jera kwanoni a kan gado. Mairamu ce ke jido ruwa daga famfo, jarka bayan jarka, a wanke doki da sabulu mai ƙamshi, ita ta yi wanka da abin da ya rage. Akwai shekarar da Murna ta yi zazzaɓi mai zafi a lokacin da Lauje ke ciwon ciki, kuma kowa a unguwar ya san wanda aka fara nema wa magani. Mairamu mace ce mai haƙuri, amma na sha jinta tana cewa da a ce ana cin naman doki a gidansu da tuni ta wasa wuƙa. Ban ga laifinta ba ko kaɗan.

Bai taɓa ɗora masa sirdi ba. Ya ce ba a hawa abin kallo. In ya sami aiki sai ya jawo shi da ragama har gareji, ya ɗaure shi a inuwar dalbejiya, ya kafa gwangwanayensa. Ya kalli doki, ya kalli katako, ya kalli doki. Wani lokaci sai ya ajiye burushi ya je ya shafa cinyar da tafin hannu, ido a rufe, ya dawo ya ci gaba. Abin da ya fito daga hannunsa daga nan kuwa, sai wanda ya gani. Direbobin da suka yi dariya su ne suka dawo suna bin layi, daga Bakori, daga Malumfashi, har daga Gusau.

Aibinsa, kuma abin alfaharinsa, shi ne ba ya rage komai. Farin goshi yana nan da lanƙwasarsa, farar ƙafa tana nan, har wani ɗan tsohon tabo a gwiwar dama wanda ya saye shi da shi. Wani direba ya taɓa cewa a cire tabon nan, yana ɓata hoto. Tanimu ya ce, "Yana jikinsa, zai hau jikin motarka. In ba ka so, ga masu sitika can, su manna maka na Turawa." Haka Lauje ya zaga ƙasar nan kaf ba tare da ya bar Funtuwa ba.

Haladu, wani direba mai surutun tsiya, shi ya kawo labarin, kuma a matsayin yabo ya kawo shi. Ya ce yana lodin masara a kasuwar Dandume sai ya ga wani tsoho ya tsaya a bayan motarsa ya ƙi motsi. 'Yan dako suna ture shi, yana dawowa. Ya miƙa hannu yana shafa goshin hoton, sannan ya gangaro ya ɗora yatsa daidai kan tabon gwiwa.

"Wallahi, Malam Tanimu, har da hawaye!" in ji Haladu. "Ya ce wanga doki a gidanshi aka haife shi, ɓarayi suka kora shi ranar da suka ƙone garinsu. Ya ce wa ya yi zanen? Na ce ai gwaninmu ne, dokin ma yana nan da ransa. Na yi masa kwatance har ƙofar gidanka. Ya ce in ya sami mota yana nan tafe."

Ina kusa da Tanimu a lokacin. Na ga baƙin fenti na ɗiga daga burushinsa a kan yatsun ƙafarsa bai sani ba.

Daga ranar abinci ya daina wuce masa. Na ba shi shawara mu je wurin mai unguwa ya faɗi yadda ya saya, a zauna da tsohon a yi sulhu, tunda ba shi ya sata ba. Ya ce sulhun me, mai abu ya ga abinsa? Mairamu ta ce, "Baban Murna, in nasa ne a ba shi mana, ai ka ci moriyarsa." Ya dube ta, ya tashi ya bar mata tuwon. Ɓoye dokin ma ba zai yiwu ba, don garin nan ba mai shayi ko ɗan acaɓan da ba zai nuna gidan ba. Da muka rage mu biyu sai ya ce da ni, "Jibril, motocin sun yi yawa. Wasu suna Legas, wasu Fatakwal, ba zan iya binsu in goge ba. Amma shi dokin guda ɗaya ne."

Ranar Lahadi ya yi aikin, da rana tsaka, Mairamu da Murna suna coci. Ya kulle ƙofar gida. Ya yi wa Lauje dabaibayi ƙafa huɗu, ya ɗaure kan a jikin turke, ya murɗe leɓen da igiya yadda ake yi wa doki in za a yi masa magani. Lauje ya tsaya masa, don bai taɓa ganin sharri daga hannun nan ba. Ɓarayin dabbobi ma in za su ɓatar da kama, shuni suke nema ko baƙin rinin da ake shafa wa furfura. Tanimu ya raina wannan, wai yana koɗewa. Shi fentinsa na mota ne, mai shan damina bayan damina a jikin katako bai tashi ba. Ya tsinka shi sosai da tina, ruwan nan mai zafi da ake sirka fenti da shi, don ya ratsa gashi har saiwa, ya cika burushi, ya ɗora a goshi.

Fata ba katako ba ce. Da abin ya fara ci, dokin ya fizge kai, ruwan fentin ya bi lanƙwasar nan ya gangara cikin idon hagu. Maƙwabciyarsu ta ce ita dai ta san haniniya, amma abin da ta ji ranar ba haniniya ba ce, har ta ɗauka yanka ake yi. Shi kuma gogan naka da ya ruɗe, sai ya rarumo abin da ya saba wanke fenti da shi duk rayuwarsa. Ya tuttula fetur a idon.

Har nan ina iya cewa tsautsayi ne da wauta. Abin da ba na iya yafe masa shi ne abin da ya biyo baya. Dokin yana karkarwa, ya jiƙe sharkaf da gumi, ya yi fitsari a tsaye, Tanimu ya share hawayensa ya koma ya tsuguna ya shafe farar ƙafar, ya shafe tabon gwiwa, ya jira ya sha iska, ya ƙara shafi na biyu. Da bakinsa ya gaya mini. Na ce don me? Ya ce ai aikin bai ƙare ba.

Bai yarda a kira likitan dabbobi ba, wai zai yi surutu a gari. Fuskar ta kumbura, rana ta busar da fentin ya dare, in ya ɓamɓaro sai ya taho da gashi da fata. Ƙuda ya samu gida. Idon ya yi ta zubar da ruwa, daga baya ya daina, ya koma fari fat kamar an ɗiga nono. Hausawa na cewa garin neman gira a rasa ido. Ban taɓa zaton zan ga karin maganar nan tsaye da ƙafa huɗu a gidan ɗan kawuna ba, kuma da na gani ban yi dariya ba. Mairamu, wadda ta yi shekaru tana yi wa dokin nan fatan wuƙa, ita ce ta riƙa dafa ruwan gishiri tana wanke masa fuska da tsumma tana kuka.

Tsohon ya iso ranar wata kasuwa, a saman buhunan masara. Sunansa Mati, ɗan tsamurmurin Bamaguje, riga ɗaya, takalmin taya, da ƙullin leda a hannu. Garejin ya fara sauka yana tambaya. Na ga 'yan kallo sun fara taruwa, sai na ajiye guduma na ce, "Baba, taho in kai ka."

Tanimu ya tare mu a ƙofa da fara'ar da ban san shi da ita ba. Ko ruwa bai bari an kawo wa baƙo ba.

"Baba, an ce kana neman doki mai farin goshi. Ni nawa baƙi ne wuluk, ba fari ko ɗigo. Wancan na jikin mota ƙawa ce kawai na ƙara. Shigo ka gani da idonka."

Muka shiga. Lauje yana ƙarƙashin rumfa, kai a ƙasa, ƙuda ya yi masa rawani. Tsohon ya tsaya daga nesa. Sai ya ɗan taɓa harshe a ganda ya yi wani sauti, irin wanda ake kiran ɗan akuya da shi. Kunnuwan dokin suka miƙe. Ya ɗago kai da ƙyar, ya juyo da lafiyayyen idon yana nema, sannan ya yi wata 'yar haniniya can cikin maƙogwaro, ya jawo igiya har ta miƙe.

Duk wanda ke tsakar gidan nan ya gane. Murna ma ta gane, ta rufe baki da mayafi. Tanimu kaɗai ke ta zuba: "Ka gani ko, Baba? Ina farin? Duba ƙafar ma. Ciwon fuskar nan kuwa ƙaya ce ta karce shi."

Mati ya matsa. Dokin ya cusa hanci a hammatarsa. Tsohon ya daɗe yana duban fuskar, ya kai yatsa kusa da gyambon bai taɓa ba, ya shinshina yatsan. Ya dubi gwangwanayen da ke jere a gindin bango, ya dubi hannuwan Tanimu. Sannan ya zare jikinsa a hankali.

"Ba nawa ba ne," ya ce. "Nawa idonshi biyu."

Ya juya ya nufi ƙofa, dokin yana ta jan igiya a bayansa. Wallahi na ji Tanimu ya sauke ajiyar zuciya, har da cewa, "To ka gani! Allah ya kiyaye hanya, Baba."

A bakin ƙofa tsohon ya tsaya ya miƙa wa Mairamu ƙullin ledarsa. Jar kanwa ce da ɗan tsakin dawa. Da ita ya yi magana, amma bai rage murya ba.

"Ɗiyata, amshi, ki riƙa jiƙa mishi. Uwarshi ta mutu wajen haihuwa, matata ta shayar da shi kunu da ludayi. Ita ma ta tahi, ranar da ɓarayin suka zo. Ni mi zan yi da doki? A zauren mutane nike kwana, ko akuya ba ni da wurin ɗaurewa. Hoton na gani, na ga ya yi ƙiba, na ga ido shina haske, na ce wanda duk ya zana wanga yana ƙaunarshi. Na ce bari in tahi in yi mishi godiya kafin in mutu."

Ya sa kai ya fita. Na bi shi in raka shi tasha, ya ɗaga mini hannu ya ce ya san hanya.

To, Tanimu ya ci nasara. Ba wanda ya sake zuwa neman Lauje, kuma yana nan a gidan har yau. Gyambon ya warke ya bar tabo mai sanƙo, idon bai dawo ba. Sai dai tun daga ranar Lahadin nan, in Tanimu ya doso rumfar, dokin zai kwantar da kunne ya ja da baya har ƙarshen igiya, jikinsa na ɓari. Da farko ya ce warin fenti ne. Ya wanke hannu da toka, da lemun tsami, da omo har fata ta saɓule. Ya ƙone tufafin aikinsa. Daga ƙarshe ya kwashe gwangwanayen ya ba wani, ya daina zuwa gareji, ya koma ƙwadago a gonakin mutane, shi da fartanya ke yi wa nauyi. Ya yi damina guda cur bai taɓa burushi ba.

Ina gidan ranar da ya gwada sa'arsa, bayan an yi girbi. Ya yi wanka, ya sa sabuwar riga, ya ɗebo jiƙaƙƙiyar dawa a ƙwarya daga wadda aka biya shi ladan aiki. Mairamu tana rumfar tana zuba harawa, dokin yana ci yana goga mata kai a kafaɗa. Tanimu ya taho a hankali ta wajen lafiyayyen idon, yana kiran sunan ƙasa-ƙasa.

Lauje ya daina tauna. Ya ja baya, ya ƙara ja, igiya ta shaƙe shi, ya ci gaba da ja har turken ya fara motsi, harawar na zubowa daga bakinsa. Tanimu ya tsaya cak, ya miƙa ƙwaryar da hannu biyu.

Mairamu ba ta ko ɗaga murya ba. Ta dafa wuyan dokin ta ce, "Baban Murna, fita. Ka bar shi ya ci abinci."

Ya ajiye ƙwaryar a ƙasa, ya fita.